Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: A Rubuta Mana Dokar Ɗaukar Hoto

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sufurin Jiragen Sama, Barista Festus Keyamo, SAN.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan wata tambaya da kusan duk mai hawa jirgi a ƙasar nan ya taɓa yi, amma ko masu kaki nawa ya tambaya ba zai ji bakinsu ya zo ɗaya ba. Shin fasinja yana da izinin ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto ko bidiyo a filin jirgi da cikin jirgi? In yana da shi, ina iyakarsa? In kuma an hana, a wane littafi aka rubuta hanin, sashe na nawa, kuma mene ne hukuncin wanda ya karya?

Ba sai na yi nisa wajen nemo dalilin wannan tambaya ba, domin kai ne ka yi ta kashe wutar da ta tashi a watan Agustan 2025. Ranar 5 ga watan, a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, mawaƙin Fuji Wasiu Ayinde, wanda aka fi sani da KWAM 1, ya yi sa-in-sa da ma'aikatan kamfanin ValueJet a kan wani fulas da ya so ya shiga jirgi da shi. Kowane ɓangare ya fito da nasa labarin, kowa na wanke kansa. Abin da ya raba gardama shi ne bidiyo: ga mutum tsaye a gaban jirgi, ga jirgi ya motsa da mutane a kusa da shi, ga mawaƙin ya sunkuya fiffike ya wuce ta kansa. Da wannan hoton aka ga laifin mawaƙin, da shi kuma aka ga gangancin matuƙan, har Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta dakatar da lasisinsu. Gani ya kori ji.

Kwana biyar bayan haka, ranar 10 ga wata, sai ga na jirgin Ibom Air da ya taso daga Uyo zuwa Legas. An ce wata matashiya ta ƙi kashe wayarta kafin tashi, rikici ya ɓarke bayan an sauka. Wani bidiyo ya nuna tana kai wa ma'aikaciyar jirgi mari, kuma ba mai hankalin da zai kare wannan. Wani bidiyon ya nuna ana jan ta da ƙarfi ana saukar da ita, rigarta ta yage, tsiraicinta ya bayyana, kuma kafin gari ya waye ya shiga wayoyin miliyoyin mutane. Aka kai ta kotu, aka tura ta gidan yarin Kirikiri, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta haramta mata hawa jirgi har abada. Da jama'a suka kwatanta yadda aka yi da ita da yadda aka yi da mawaƙin, surutu ya yi yawa, kai kuma ka shiga tsakani, ranar 13 ga wata ka sanar da janye ƙarar. Ka kuma yi tir da sakin wancan bidiyon tsiraici, ka ce a nemo wanda ya sake shi a hukunta shi. Na yaba maka a kan haka.

Amma akwai wani abu a cikin labarin da ya tsaya mini a rai. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar da kansa, sai da sauran fasinjoji suka gama sauka sannan faɗan ya kaure. To, su wane ne ke riƙe da wayoyin da suka ɗauki yarinyar nan a wannan hali? A wurin da ake yi wa fasinja tsawa in ya ɗaga waya, a nan ne aka sami masu ɗaukar fasinja tsirara ba wanda ya ce musu kanzil. Wannan shi ne abin da rashin rubutacciyar ƙa'ida ke haifarwa. Kyamara ta zama halal ga mai ƙarfi, haram ga mai rauni. Kuma da ƙurar ta lafa, babban umarnin da ya fito daga NCAA shi ne kowa ya kashe wayarsa gaba ɗaya lokacin tashi da sauka. Maganar wa ke da ikon ɗaukar wa, aka bar ta yadda take.

Ranka ya daɗe, manyan labarai irin waɗannan su ne ke isa teburinka. Ƙananan ba sa isa, alhali su ne ke faruwa kullum. Na taɓa gani da idona a ɗakin jira na wani filin jirgi a Arewa, wata dattijuwa za ta tafi Umra, ɗanta zai raka ta. Da gani ka san ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta ɗaure fasfonta a jakar wuya, ta riƙe carbi, tana ta kallon jirgin da ke tsaye a bayan gilashi. Yaron ya ce, "Inna, tsaya nan in ɗauke ki, a tura wa su Yaya." Ta gyara hijabi, ta tsaya tana murmushin kunya. Bai gama ɗauka ba wani ma'aikaci mai rigar shaida ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa hannu ya ce ya kawo wayar. Wai an hana. Yaron ya tambaya cikin ladabi ina aka rubuta, domin bai ga alama ba. Amsar da ya samu ita ce, in yana son gardama su tafi ofis ya yi wa oga bayani, jirgi kuma in ya tashi ruwansa. Dattijuwar ta ruɗe, tana cewa, "Ba shi haƙuri, ɗan nan, goge masa." Ya goge a gaban mutumin. A wannan ɗakin kuwa, can gefe, wasu 'yan rakiyar wani babban mutum suna ta ɗaukar maigidansu bidiyo tun daga ƙofa, ma'aikacin nan bai ko kalli inda suke ba.

Hoton tsohuwa a jikin taga ba zai taimaki wani ɗan ta'adda da komai ba. Abin da aka karɓe wa mutanen nan shi ne farin cikin ranar da suka daɗe suna tara kuɗinta. Kuma duk wanda ya saba da filayen jirginmu ya san inda "mu je ofis" ke ƙarewa a lokuta da yawa: a lungu, da "yi mana wani abu". Dokar da ba a rubuce take ba, kowane jami'i yana iya faɗaɗa ta ko ya tsuke ta gwargwadon fuskar wanda ke gabansa da kuma yadda ya hango aljihunsa.

Sau da yawa za ka ji suna cewa ai dokar duniya ce. Ba haka ba ne, kuma kai lauya ne, ka fi ni sani. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce uwar dokokin sufurin jiragen sama, abin da ta ce a sashe na 36 shi ne kowace ƙasa tana iya hana ko tsara amfani da na'urar ɗaukar hoto a cikin jirgin da ke sararin samaniyarta. Zaɓi ta bar wa ƙasashe. Ke nan Najeriya ce za ta zauna ta ce ga abin da ta yarda da shi, ga abin da ta hana, kuma ta faɗa da babbar murya.

Wasu sun riga sun yi. Indiya tana da tsohuwar doka ta 1937 da ke taƙaita ɗaukar hoto a filayen jirgi. A watan Satumban 2020, 'yan jarida suka cika wani jirgin IndiGo daga Chandigarh zuwa Mumbai suna turereniya da kyamarori a kan 'yar fim Kangana Ranaut, ana tsakiyar korona. Hukumar kula da jiragen ƙasar ta fusata, ta yi barazanar dakatar da duk jirgin da aka sake yin haka a cikinsa na mako biyu. Mutane suka ɗauka an hana hoto kwata-kwata. Washegari hukumar ta fito ta fayyace a rubuce: fasinja na gaskiya yana iya ɗaukar hoto da bidiyo a cikin jirgi, abin da aka hana shi ne kayan ɗauka da ke kawo hargitsi ko su taɓa lafiyar tafiya. Cikin kwana ɗaya kowa ya san matsayinsa. A Amurka ma, ƙasar da aka kai wa harin 11 ga Satumban 2001 da jiragen fasinja, hukumar TSA mai binciken matafiya ta rubuta a shafinta cewa ba ta hana ɗaukar hoto ko bidiyo a wurin bincike ba, muddin ba a kawo wa aikin cikas ba kuma ba a ɗauki allon na'urorin da aka kare daga idon jama'a ba.

A can ɗin ne kuma aka ga aikin da wayar fasinja ke yi. Ranar 9 ga Afrilun 2017, a filin jirgin O'Hare na Chicago, aka nemi wasu fasinjoji su sauka daga jirgin United Express mai lamba 3411 domin a ba ma'aikatan kamfani kujerunsu. Wani likita ɗan shekara 69 ya ce ba zai sauka ba, yana da marasa lafiya da zai duba washegari. Jami'an tsaro suka fizge shi daga kujera, suka ja shi a ƙasa ta tsakiyar jirgi, fuskarsa jina-jina. Da farko shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya goyi bayan ma'aikatansa, ya ɗora wa mutumin laifi. Bidiyon da maƙwabtansa na kujera suka ɗauka ne ya tilasta masa ya dawo ya nemi gafara, kamfanin ya sasanta da likitan, ya kuma ɗaga kuɗin da yake iya ba wanda ya yarda ya bar kujerarsa har zuwa dala 10,000. Da an bi kujera-kujera an ce kowa ya goge, da labarin da zai rage shi ne wani tsoho mai taurin kai ya faɗi ya ji wa kansa ciwo.

Ba na raina maganar tsaro, kuma ba wanda ya fito daga Arewa da zai raina ta. Mun san abin da ya faru a sansanin sojan sama da ke jikin filin jirgin Maiduguri a watan Disambar 2013, mun san harin da 'yan bindiga suka kai filin jirgin Kaduna a watan Maris na 2022 har aka rasa rai. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana maƙwabtaka da sojan sama. Akwai kuma dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 da ta hana ɗaukar wuraren tsaro. Duk wannan gaskiya ne. A hana ɗaukar jiragen yaƙi da rumfunansu, a hana ɗaukar allon na'urar binciken kaya, da kwamfutar jami'an shige da fice, da ƙofofin da ma'aikata kaɗai ke bi, da wuraren da masu gadi ke tsayawa. Ba wanda zai yi jayayya. Amma in ka ƙirga waɗannan wurare za ka ga ba su da yawa, ana iya manna wa kowannensu alamar kyamara da jan layi a kai, wadda ko wanda bai yi boko ba zai gane. Abin da ba a manna wa alama ba kuwa, a bar mutane su sha iska. Shimfiɗar titin jirgi da ginin filin, duk mai waya yana ganinsu daga sama a taswirar intanet yana zaune a ɗakinsa. Hana tsohuwa hoto a jikin taga ba ya ƙara wa tsaro komai, sai dai ya ɗauke idon jami'i daga inda ya kamata ya sa shi.

Akwai kuma haƙƙin ma'aikatan jirgi da na sauran fasinjoji, kuma a nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Mu mutane ne masu daraja sutura. Matar aure da barci ya kwashe a kujera, ko mai shayar da jariri, ko marar lafiyar da ake turawa a keke za a kai shi asibiti a Masar ko Indiya, ba wanda ke da ikon mayar da su abin nishaɗi a TikTok domin neman mabiya. Ma'aikaciyar jirgi ma 'yar wani ce, tana bakin aikinta ne, kuma akwai marasa tarbiyya da ke ɗaukarsu a ɓoye da mugun nufi. Japan ta kafa doka a 2023 da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ga mai ɗaukar hoton batsa na wani ba da saninsa ba, kuma koken ma'aikatan jirgi na cikin abin da ya ƙarfafa ta. Mu ma muna da madogara: sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, na 37 ya kare sirrinsa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Haka nan cikin jirgi maganar matuƙi ce ke sama, Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba shi wannan iko, kuma wanda ya tsaya a tsakiyar hanya yana bidiyo ana ƙoƙarin fitar da mutane cikin gaggawa ya cancanci hukunci mai tsanani.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ɗaukar mutum domin a wulaƙanta shi da ɗaukar abin da ake yi maka domin ka sami shaida. Wannan na biyun shi ne nake roƙon ka kare, domin shi ne ake fi murƙushewa. Kashi na 19 na dokokin NCAA ya ba fasinja haƙƙoƙi masu kyau a takarda: in jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa biyu a ba shi abin taɓawa, in ya kai awa uku yana iya neman kuɗinsa, in dare ya yi masa a ba shi masauki. Hukumar kullum tana kira a kawo ƙorafi. To, da me zai kawo? Mutumin da aka ce jirginsa na ƙarfe goma na safe ne, aka yi ta ɗagawa har bayan isha'i, ba wanda ya ba shi ko ruwan leda, shaidarsa ita ce hoton allon sanarwa da bidiyon kantar da ma'aikata suka watse suka bari. Wanda aka miƙo masa akwatinsa a fashe, wanda ya zo da tikiti a hannu kan lokaci aka ce kujera ta ƙare, wanda aka ce sai ya ba da na goro kafin a buga masa hatimi, duk hujjarsu tana cikin waya. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi irin wannan hujja. Kamfani yana da lauyoyi da kakaki da kyamarorin bango waɗanda shi ke riƙe da makullinsu. In aka hana fasinja tasa kyamarar, an ce masa ya kawo ƙara an kuma kore masa shaidu tun daga bakin ƙofa. Ma'aikacin da ke aikinsa tsakani da Allah, bidiyo kariya ce gare shi ranar da wani fasinja zai yi masa sharri. Wanda ke zabura in ya ga waya, shi ne Hausawa ke cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mafi muni a cikin al'amarin shi ne tilasta gogewa. Ko da mutum ya ɗauki abin da aka hana, hanyar doka ita ce a rubuta rahoto, a miƙa shi ga wanda ke da hurumi, alƙali ya duba. In hoton laifi ne, ai shi ne hujjar laifin, don me za a goge shi? Ba ma'aikacin kamfani ko na hukumar filayen jirgi ta FAAN da ya kamata ya karɓe wayar mutum, ya sa shi buɗe ta, ya shiga cikin hotunan matarsa da 'ya'yansa yana lalube. Wannan kaɗai in ka rubuta ka sa hannu, ka rage rabin fitinar.

Game da umarnin kashe waya, ba zan ja da masana ba, ko da yake Amurka da Turai sun yarda tun 2013 a bar waya a kunne tun daga tashi har sauka in an katse mata layi. In hukumarmu ta ga kashewa ce ta fi dacewa da mu, mun bi. Abin da nake nema shi ne a faɗi farkon lokacin da ƙarshensa da kalmomin da ba su da harshen damo: daga rufe ƙofa zuwa kaza, daga fara gangarowa zuwa kaza. In ba haka ba, za a wayi gari ana fakewa da shi a hana mutum ɗaukar abin da ke faruwa alhali jirgi na tsaye, ƙofa a buɗe, injin a kashe, an bar mutane cikin zafi awa guda ba bayani.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona shi ne ka umarci NCAA da FAAN su fitar da ƙa'ida guda ɗaya, gajera, wadda za ta hau kan kowane kamfani da kowace hukuma mai aiki a filin jirgi, har da kwastam da shige da fice da 'yan sanda. Ta ce asali ɗaukar hoto halal ne ga fasinja, ta lissafa wuraren da aka hana, ta kare wanda ke ɗaukar abin da ya shafe shi, ta hana ƙwace waya da tilasta gogewa. Ta kuma juya ta kalli ma'aikata: duk wanda ya ɗauki fasinja a halin rauni ya watsa, ya san aikinsa ne a bakin ƙofa, kuma kotu na jiransa. A wajabta adana bidiyon kyamarorin bango na wani ƙayyadadden lokaci, yadda in rikici ya taso hukuma za ta karɓa kafin ya yi ɓatan dabo.

Kuma don Allah kada a bar ta da Turanci a cikin wani kundi mai shafi ɗaruruwa da ba mai buɗewa sai lauya. A manna ta a bango da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, a karanta ta a lasifika a Kano da Sakkwato da Yola da Maiduguri, a buga ta a jikin tikiti. A ba hukumomin alhazai na jihohi su sa ta cikin bitar maniyyata, tare da gargaɗin cewa ƙasar da za su tana da nata dokokin hoto da ba a wasa da su, domin dubban mutanenmu a tafiyar Hajji suke fara taka matakalar jirgi. A ƙasan takardar a sa lambar waya da ake ɗauka, wadda fasinja zai kira tun yana tsaye a gaban jami'in da ya miƙo hannu yana neman wayarsa.

Ka yi suna a matsayin lauyan kare haƙƙin jama'a tun kafin ka shiga gwamnati, shi ya sa na kawo kukan gare ka kai tsaye. Aikin nan ba ya buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi, zama ɗaya ne da shugabannin hukumomin da ke ƙarƙashinka da wakilan kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata. Ina fatan a yi shi kafin jigilar alhazai mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani fasinja daga Kano